Daga Kahura Zuwa Zariya: Tarihin Fiɗar Haihuwa da Zubar Jini

Duk wanda ya saba karanta littattafanmu na ƙagaggun labarai ya san wata jimla mai kalmomi huɗu wadda takan juya labari gaba ɗaya, watau "ta rasu wajen haihuwa". Da ita marubuci kan mayar da tauraruwarsa marainiya tun a shafi na biyu, ya miƙa ta ga kishiyar uwa, sa'an nan ya ci gaba da abin da ya kawo shi. Ba laifi ba ne, domin abin yana faruwa a gidajenmu fiye da yadda yake faruwa a takarda. Sai dai ba kasafai ake gaya mana abin da ya kashe matar ba. Haka kuma in labari ya kai inda likita ya fito ya ce sai an yi aiki, sai a rufe mana ƙofar ɗakin tiyata, a bar mu da miji yana kai da kawowa a baranda, daga nan kuma sai ranar suna. Abin da ke bayan ƙofar nan yana da tarihi mai tsawo, kuma mafi yawansa tarihin yaƙi da jini ne.

Ya kamata mu fara da sanin abokin gabar. In ciki ya tsufa, jinin da ke ratsa mahaifa a kowane minti ɗaya yakan kai rabin lita ko fiye, kamar cikin moɗa guda ke nan. Yana bi ne ta jijiyoyin da ke ciyar da mabiyiya. Da zarar an haihu, mabiyiya ta rabu da jikin mahaifa, sai ta bar miki mai faɗin tafin hannu ko fiye, bakunan jijiyoyi duk a buɗe. Ba abin da ke rufe su sai naman mahaifar kansa, wanda kan dunƙule ya yi tauri, ya shaƙe su kamar yadda ake shaƙe bakin salka. To, in mahaifa ta gaji saboda doguwar naƙuda ko tagwaye ko yawan haihuwa, ta ƙi dunƙulewa, ko kuwa wani yanki na mabiyiya ya maƙale a ciki, jini zai yi ta kwarara. Duk jinin da ke jikin mace mai ciki bai wuce lita biyar zuwa shida ba. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. Shi ya sa likitoci ke cewa zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Wadda aka yi wa fiɗa kuwa, ban da wannan miki, ga kuma yankan wuƙa a jikin mahaifar.

Turawa suna kiran wannan aiki da suna mai kama da na Yuliyas Kaisar, shugaban Rumawa, har mutane da yawa suka ɗauka ta haka aka haife shi. Masana tarihi ba su yarda ba, kuma hujjarsu mai sauƙi ce: mahaifiyarsa Aurelia ta rayu har ya zama dattijo mai shekara arba'in da 'yan kai, alhali a wancan zamani ba macen da ake buɗe wa ciki ta tashi. Abin da Rumawa suke da shi doka ce da ta hana a binne mace mai tsohon ciki sai an fitar da abin da ke cikinta. Aikin gawa ne, ba na mai rai ba. A nan ma marubuta sun riga likitoci, domin Firdausi, mawaƙin Farisa, a cikin Shahnama da ya kammala a 1010, ya ba da labarin yadda aka shayar da mahaifiyar jarumi Rustam giya har ta fita hayyacinta, aka tsaga gefen cikinta aka ciro shi, aka ɗinke, ta kuma warke. Abin da alƙalami ya yi a dare ɗaya sai da wuƙa ta shafe shekara ɗari takwas da wani abu kafin ta iya shi.

Jini kuwa, ko da fiɗa ko babu, bai san sarauta ba. A 1631 Mumtaz Mahal, matar Sarkin Indiya Shah Jahan, ta rasu a garin Burhanpur saboda zubar jini bayan haihuwarta ta goma sha huɗu. Ginin Taj Mahal da ake ta ɗaukar hoto a gabansa kabarin mai jego ne. A 1817 Gimbiya Charlotte, mai jiran gadon sarautar Ingila, 'yar shekara 21, ta yi naƙuda ta kimanin awa hamsin, ta haifi ɗa namiji ba rai, ita ma ta bi shi bayan 'yan sa'o'i. Likitanta, Richard Croft, ya harbe kansa bayan wata uku. Rasuwarta ce ta sa baffanninta suka yi ta rige-rigen aure don samar da magaji, aka haifi Victoria a 1819.

A manyan asibitocin Turai na wancan ƙarni, fiɗar mai rai hukuncin kisa ce. An ruwaito cewa daga 1787 zuwa 1876 ba macen da aka yi wa ita a birnin Paris ta rayu. Dalilin zai ba mai karatu mamaki. Likitocin sukan tsaga mahaifa su ciro jariri, su ɗinke fatar ciki, amma su bar mahaifar a buɗe. Tunaninsu shi ne, tun da mahaifa tana dunƙulewa tana saki, za ta tsinke kowane zare, kuma zaren da aka bari a ciki ba a iya cire shi, ruɓewa zai yi. Sai matar ta yi ta zubar da jini a cikin cikinta, in ta tsallake wannan kuma zazzaɓin ruɓa ya ƙarasa ta. Shi ya sa in jariri ya kasa fitowa, suka fi son su fasa kansa su jawo shi, a ceci uwar. An samu maganin sa barci na kulorofom a 1847, Joseph Lister ya koyar da wanke rauni da kayan aiki da maganin kashe ƙwayoyin cuta a 1867, amma matsalar jini tana nan daram. A 1876 wani likitan Italiya, Eduardo Porro, a garin Pavia, ya bi ta gajeriyar hanya. Ya yi wa wata mata mai tsukakken ƙugu fiɗa, ya ciro jariri, sa'an nan ya yanke mahaifar ɗungum ya fitar. Uwa ta rayu, jariri ya rayu, sai dai ita da haihuwa har abada.

Shekara uku bayan haka, a 1879, wani saurayi Ba'ingilishe mai suna Robert Felkin, ɗalibin likitanci da ya bi ayarin 'yan mishan, ya sauka a wani ƙauye da ake kira Kahura a masarautar Bunyoro, cikin ƙasar Yuganda ta yau. Nan ya ga abin da ya rubuta ya karanta wa likitocin Edinburgh a 1884, kuma ya dace mu bi shi daki-daki.

Matar ba ta wuce shekara ishirin ba, cikin fari ne. An kwantar da ita a kan gado mai ɗan gangare, an shayar da ita giyar ayaba har ta yi mankas, an ɗaure ta da ƙyallen ɓawon itace. Mutum uku ne a kanta. Mai aikin ya wanke hannunsa da cikin matar da giyar nan, sa'an nan da ruwa. Ya ɗaga wuƙa ya yi 'yan surkullensa, ya yi yanka ɗaya daga mara zuwa ƙasan cibiya. Duk inda jini ya taso, mataimakinsa sai ya taɓa wurin da jan ƙarfe daga wuta, irin lalas ɗin da muka sani, amma kaɗan-kaɗan, ba ƙonawa ba. Aka buɗe mahaifa, aka ciro jariri aka miƙa, aka yanke cibiya. Mai aikin ya ajiye wuƙa, ya kama mahaifa da hannu biyu yana matsawa, ya sa hannu ya buɗe bakin mahaifa da yatsunsa don jini ya sami hanyar fita ta ƙasa, ya kwashe mabiyiya da gudajin jini, ya ci gaba da matsa ta har ta dunƙule ta yi tauri. Bai ɗinke ta ba. Aka rufe cikin da wata 'yar tabarmar ciyawa, aka juya matar don ruwan da ya taru a ciki ya tsiyaye. Daga nan aka haɗa bakin rauni da tsinkayen ƙarfe guda bakwai, sirara, gogaggu, aka naɗe su da zaren ɓawon itace, aka shafa saiwoyin da aka tauna, aka rufe da ganyen ayaba mai ɗumi. Bayan awa biyu jariri yana shan nono. An cire tsinke ɗaya a rana ta uku, uku a rana ta biyar, sauran a ta shida. Ran kwana goma sha ɗaya rauni ya warke, Felkin ya bar uwa da jaririnta lafiya.

Ba na cikin masu cewa duk abin da Bature ya sani kakanninmu sun riga shi. Aiki ɗaya ne, mutum ɗaya ya gani ya rubuta. Amma a duba yadda kowa ya san wurin tsayawarsa, an tanadi wuta, an tanadi tsinke, an san ranar cire kowanne. Wannan ba aikin mai koyo ba ne, shi kansa Felkin abin da ya fahimta ke nan. Abin da ya fi jan hankalina shi ne, duk dabarar mutumin Kahura a kan jini ta tattara: jan ƙarfe don jijiyoyi, hannu don mahaifa. Ya gane inda mutuwa take shigowa a lokacin da masu manyan asibitoci suke asarar mata. Shekara ishirin bayan haka, a 1899, Ingilishi suka kama Kabalega, Sarkin Bunyoro, bayan doguwar gwagwarmaya, suka kai shi gudun hijira. Wuƙar kuwa tana ajiye a wani gidan tarihi a Landan.

Jamusawa ne suka warware matsalar zare. A 1881 Ferdinand Kehrer ya yi wa wata mata fiɗa a cikin gidanta a ƙauyen Meckesheim, ya yanka mahaifa a kwance ta can ƙasa, ya ɗinke ta. A 1882 Max Sänger na Leipzig ya rubuta littafi yana nanata cewa dole ne a ɗinke mahaifa sosai, hawa biyu, har da zaren azurfa. Cikin 'yan shekaru mace-mace suka ragu ƙwarai, kuma mace ta tsira da mahaifarta. Yankan ƙasa na Kehrer bai karɓu ba sai da Munro Kerr na Glasgow ya tallata shi a 1926. Ƙasan mahaifa ya fi sirantaka, ba ya zubar da jini da yawa, tabonsa kuma ya fi jure wani cikin. Shi ne yankan da ake yi wa matanmu a yau.

Saura mayar da jinin da ya zuba, da kuma tilasta wa mahaifa ta dunƙule. James Blundell, likitan mata a Landan, ganin masu jego suna mutuwa a hannunsa ya sa ya fara gwada ƙarin jini daga mutum zuwa mutum a 1818. A shekarun 1820 ya ceci wasu mata da jinin da ya ɗiba da sirinji, wani lokaci daga hannun mijin. Wasu kuma suka mutu, ba wanda ya san dalili, sai da Karl Landsteiner ya gano a 1901 cewa jini iri-iri ne, ba kowanne ke shiga da kowanne ba. Maganin dunƙule mahaifa kuwa daga hannun ungozomomin Turai ya fito. Sun daɗe suna ba mata wani baƙin abu mai kama da ɓurtuntuna da ke kama wani hatsi dangin alkama. Yana da ƙarfi, amma ba shi da ma'auni, in an ba da shi kafin jariri ya fito yakan kashe shi ko ya fasa mahaifa. Sai a 1935 Chassar Moir da Harold Dudley suka tace sinadarin da ke cikinsa, agometirin. A 1953 Vincent du Vigneaud a Amurka ya haɗa oksitosin, allurar da ake yi wa mace da zarar ta haihu. Ga kuma magungunan kashe ƙwayoyin cuta daga 1936, da fenisilin a shekarun 1940. A Ingila, a farkon shekarun 1930, mata huɗu ne ke mutuwa cikin kowace haihuwa dubu. Zuwa 1950 ba su kai ɗaya ba.

To, mu dawo gida. A ƙasar Hausa wanzami yana ƙaho, yana cire beli, yana kaciya, maɗori yana ɗori, amma buɗe ciki ba ya cikin sana'ar kowa. Ko karin maganarmu da ke cewa ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, ya nuna yadda muka ɗauki haɗuwar wuƙa da ciki. Mace takan haihu a durƙushe a ɗakinta, sau da yawa ita kaɗai, musamman mai cikin fari wadda kunya ta hana ta ko nishi mai ƙarfi. Ungozoma takan zo ne daga baya, ta yanke cibiya, ta wanke jariri, ta binne mabiyiya. In naƙuda ta yi tsawo sai rubutu da addu'a da jiƙe-jiƙe, wani wuri kuma yankan gishiri, wanda shi kansa yakan jawo zubar jini da yoyon fitsari. Wanda ke son ganin yadda rayuwar mata take kafin zuwan asibiti, ya nemi labarin Baba ta Karo da Mary Smith ta rubuta daga bakinta, aka buga a 1954.

Inda Bahaushe ya zuba hikimarsa shi ne bayan haihuwa, watau jego. Kwana arba'in, wani lokaci fiye, mai jego ba daka ba niƙa ba ɗaukar tulu. Ga wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganyen darbejiya ko runhu, ga kunun kanwa, ga ƙauri da yaji, a wasu wurare har da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Mai haihuwar fari takan tafi gidan iyayenta a kula da ita. Duk don a kori sanyi, a gasa ɗanyen jiki. Hutu da abinci da kulawar uwa ba ƙaramin abu ba ne, ƙasashe da yawa masu arziki ba su ba matansu irinsa ba. Amma a lura da wani abu. Matanmu sun iya ƙidayar kwanakin jinin biƙi, domin salla da azumi sun rataya a kai, malamai sun karantar da cewa a mazhabar Malikiyya iyakarsa kwana sittin. Kwanaki muka iya ƙirgawa, ba yawa ba. Bugu da ƙari, an ɗauka jinin nan datti ne da ya kamata ya fita, har in ya zuba da yawa wata tsohuwa ta ce ciki ne ke wankewa. Jego ya tanadi kwana arba'in, alhali awa biyun farko ne suka fi haɗari.

A Zariya aka fara auna waɗannan abubuwa da alƙalami, bayan da Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyon likitanci. Likitoci biyu, Davidson da Parry, sun bi mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa, suka buga sakamakon a 1978, suna zargin gishirin da ke cikin kanwa da tsananin zafin wanka da na gado. Daga baya likitocin zuciya a Kano sun sake duba lamarin, bincikensu ya fi karkata ga talauci da rama da hawan jinin masu ciki da ƙarancin sinadarin siliniyam. Ashe ba kunu kaɗai ke da laifi ba.

Babban aikin shi ne na Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta Jihar Ribas, wanda shi da abokan aikinsa suka rubuta bayanin haihuwa 22,774 a jere a asibitin koyarwa na Zariya daga 1976 zuwa 1979, aka buga a 1985. Mata fiye da 200 suka rasu a ciki. Kusan dukkansu waɗanda ba su taɓa zuwa awo ba ne, aka kawo su a kan gaɓa, bayan kwana biyu ko uku ana fama a gida. Masu zuwa awo kuwa, a asibiti ɗaya, a hannun likitoci ɗaya, ƙalilan ne suka mutu. Harrison ya ga cewa abin da ya fi raba waɗannan da waɗancan shi ne karatun boko, ya kuwa shafe sauran rayuwarsa ta aiki yana faɗin haka. A matsayina na malamin makaranta, wannan magana ta fi kowace nauyi a gare ni, domin duk yarinyar da aka cire daga aji biyu na sakandare na san layin da aka mayar da ita.

Daga wannan jinkiri ne tsoron fiɗa ya samo asali. A kawo mace ta riga ta galabaita, mahaifa ta gaji ko ta fashe, jariri ya mutu, jininta dama kaɗan ne. A nemi sa hannun miji, ya tafi kasuwar ƙauye. A nemi jini, dangi su fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. In an yi aiki ta mutu, sai labari ya koma gari cewa aiki ne ya kashe ta, gobe kuma wata ta ƙi zuwa sai ta kai gargara. Wadda ta rayu kuma ta dawo ta tarar da habaici, wai raguwa ce, ta kasa haihuwa da kanta. A 1994 masu bincike biyu, Thaddeus da Maine, suka raba wannan jinkiri gida uku: na yanke shawara a gida, na hanya, da na cikin asibitin kansa. Na ukun nan ba ƙarya ba ne. Wani bincike da aka yi a ƙasashen Afirka 22, aka buga a 2019, ya nuna cewa matar da aka yi wa fiɗa a Afirka ta fi takwararta ta ƙasashe masu arziki haɗarin mutuwa har ninki hamsin, kuma jini ne kan gaba. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, haihuwa uku ce kacal cikin ɗari ake yi ta fiɗa a Nijeriya, a Arewa maso Yamma kuwa fiye da mata takwas cikin goma a gida suke haihuwa. A ƙiyasin Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2023, mata wajen 260,000 suka mutu a duniya sanadin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a Nijeriya.

Ita kuma wadda ta fito daga ɗakin tiyata lafiya, sai ta faɗa tsakanin dokoki biyu, ta malamar asibiti da ta gwaggo. Wasu suna zaton tun da ta ciki aka ciro jariri ba za ta yi jinin biƙi ba. Za ta yi, domin mikin da mabiyiya ta bari yana nan. Yakan fara ja, bayan 'yan kwanaki ya koma ruwan ƙasa, daga baya ya yi fari-fari, ya ɗauke cikin mako huɗu zuwa shida. Wanda ba na lafiya ba shi ne wanda ke jiƙa ƙunzugu sharkaf cikin awa guda, ko mai fitowa da manyan gudaji, ko mai wari, ko wanda ya dawo ja wur da yawa bayan ya yi sauƙi, ko ya zo da zazzaɓi da jiri da bugun zuciya. Irin wannan yana iya tasowa ko bayan mako biyu ko uku, an yi suna an watse, kuma ba kunu ke maganinsa ba, asibiti ne. Asibiti na son ta tashi ta taka tun washegari, don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa. Yana son ɗinki ya zauna a bushe da tsabta, ba ya son tafasasshen ruwa da bugun ganye a kan rauni, ko danna ciki da tsumma mai zafi. A birane an fara samun sulhu, ana sirka ruwan, ana kauce wa ɗinki, ana jinkirta wankan ganye. A wani fannin kuma dokokin biyu bakinsu ɗaya ne. Hana ta aiki mai nauyi har mako shida, ai shi ne arba'in ɗinmu. Shawarar ta huta wajen shekara biyu kafin wata haihuwa don tabon mahaifa ya yi ƙwari, ai ita ce tazarar da kakanninmu ke bayarwa har a yaye yaro. Sharaɗi ɗaya ne sabo, kuma ba ya karɓar sulhu: wadda aka taɓa yi wa fiɗa, haihuwarta ta gaba a asibiti za ta yi, ko da za ta haihu da kanta, domin tabo yana iya ɓarkewa a tsakiyar naƙuda.

Kuɗi ma shinge ne. Jamhuriyar Nijar ta ayyana fiɗar haihuwa kyauta tun a tsakiyar shekarun 2000, gwamnatin Nijeriya kuma ta sanar da irin wannan ga mata marasa hali a watan Nuwamba na 2024.

Makaman baya-bayan nan duk masu araha ne. A 2006 Nijeriya ta yi rajistar ƙwayar misofurostol don tsayar da jinin haihuwa. Ba ta bukatar firji ko allura, ƙwaya uku ce mace za ta haɗiya da zarar jariri ya fito. A wajajen 2009 likitocin Zariya suka gwada raba ta a wasu garuruwan da ke kewaye da su ta hannun ungozomomi, suka kuma koya wa mata auna jini da moɗa: in ta cika, a nemi mota. A Nijar, daga tsakiyar shekarun 2010, aka wadata ɗakunan haihuwa na ƙasa baki ɗaya da ƙwayar nan, da wani balan-balan da ake cusawa cikin mahaifa a cika shi da ruwa ya danne jijiyoyi, da wata rigar roba mai matse ƙafafu da ciki don jini ya koma zuciya da ƙwaƙwalwa kafin a isa babban asibiti. Rahoton da aka buga a 2023 ya nuna mutuwa ta zubar jini ta ragu da fiye da rabi.

Akwai kuma labarin Utako Okamoto, wata likita 'yar Japan, wadda ita da mijinta suka gano maganin traneksamik a 1962, mai hana gudan jini narkewa. Burinta a yi amfani da shi ga masu haihuwa, amma likitocin mata na ƙasarta ba su kula ta ba. Sai bayan shekara hamsin aka gwada shi a kan mata 20,000 a ƙasashe 21, da yawansu 'yan Nijeriya. Ta rasu a 2016, sakamako ya fito a 2017: in an yi allurar cikin awa uku da haihuwa, mutuwa ta zubar jini tana raguwa da kusan kashi ɗaya cikin uku.

A 2023 aka buga wani gwajin da aka yi a asibitoci kusan 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata fiye da 200,000 da suka haihu da kansu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, Kano, tana cikin jagororinsa. Matsalar da suka tunkara ita ce wadda ke damun gwaggo a ƙauye, ashe tana damun ma'aikatan asibiti ma: ido ba ya iya auna jini, kusan rabin masu zubar da shi ba a ankara da su da wuri. Sai aka riƙa shimfiɗa wa mace wata leda mai aljihu da zanen ma'auni, jini yana taruwa ana gani. Da ya kai layi, sai a yi mata duk magungunan a lokaci guda, ba a jira a ga ko na farko zai yi aiki ba: allurar oksitosin, da traneksamik, da ƙarin ruwa, da duba inda jinin ke fitowa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Abu na farko a jerin matakan shi ne ungozoma ta ɗora hannu a kan mara ta yi ta murza mahaifa har ta dunƙule, kamar yadda Felkin ya ga mutumin Kahura yana yi a 1879.